Daga Aboabon Kumasi Zuwa Aboabon Tamale

 A wannan wata ina so in ba ku labarin wata tafiya da muka yi daga Kumasi zuwa Tamale a farkon shekarar 2023, ni da wana da 'yarsa. Abin da ya sa na ga ya dace in rubuta shi kuwa, kowace shekara da zarar jami'o'i sun fitar da sunayen waɗanda suka ɗauka, sai iyaye su riƙa samuna a makaranta, ko su tare ni a ƙofar masallaci, da magana iri ɗaya: "Ticha, an ba yaron nan jami'a, amma fa wurin da nisa." Da yawa daga irin waɗannan takardu a ƙarƙashin katifa suke ƙarewa, balle idan mai takardar mace ce. Ta gidanmu ma saura ƙiris ta ƙare a can.

Takarda ta zo, gida ya rabu biyu

Yarinyar ita ce 'yar fari a wurin wana. Ta gama sakandare da sakamako mai kyau, kuma tun tana ƙarama ba ta da wani buri sai karatun unguwarzoma. Jami'a biyu ta nema. Ta farko ita ce Jami'ar Kwame Nkrumah ta Kimiyya da Fasaha, wadda mu a Kumasi muke kira Tek, wadda daga unguwarmu ta Aboabo ba ta wuce 'yar gajeruwar tafiya a trotro ba. Ta biyu kuwa ita ce Jami'ar Nazarin Raya Ƙasa da ke Tamale, wadda aka fi sani da UDS. Ni ne na ba ta shawara ta haɗa da ta biyun, don na san masu neman wannan fanni a Tek sun fi ƙarfin guraben da ake da su. Haka kuwa aka yi. Ba ta sami Tek ba, Tamale ta kira ta.

Ranar da labarin ya zo, murna ba ta kai magariba ba. Uwar yarinyar ta ce ita dai abin da take ji game da arewa shi ne zafi da sanƙarau da rashin ruwa. Wana kuwa bai ce uffan ba sai bayan sallar isha'i, sa'an nan ya kira ni zaure. Shi makaniki ne, ya fi shekara 30 yana gyaran manyan motoci a Magazin ta Suame. Ya dube ni ya ce, "Ticha, kai a littafi kake karanta hanyar Tamale. Ni kuwa abin da hanyar nan ta tauna ta tofar, gabana ake jawo shi." Ya ce dalilinsa uku ne: ga hatsarin hanya, ga faɗan ƙabilanci da na sarauta da ake ji a rediyo, ga kuma 'ya mace a garin da ba ta da kowa. Ya ce ta haƙura ta sake nema baɗi, in ba ta samu ba ta koyi ɗinki. Ya rufe da cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Ban yi masa gardama ba, domin ba a gardama da babban wa a kan 'yarsa, kuma ko ɗaya daga dalilan nan uku ba na banza ba ne. Abin da na roƙe shi kawai shi ne kada ya yanke hukunci a zaure. Na ce, "Yaya, akwai sauran kwanaki kafin wa'adin biyan kuɗi ya cika. Ka ba ni kwana uku, mu je ka gani da idonka, kuɗin mota a wuyana. In mun dawo ka ce a'a, ni ne zan fara lallashinta." Hajiya mahaifiyarmu, wadda duk take jin mu daga ɗakinta, ita ta raba gardamar. Ta ce, "Ku je. Wannan ma da na bar shi ya tafi Bagabaga ai ya dawo da ƙafafunsa biyu." Tana nufin shekara uku da na yi a kwalejin horon malamai ta Bagabaga a Tamale, daga 2000 zuwa 2003.

Daga Suame zuwa Kintampo

Daga Kumasi zuwa Tamale kilomita 380 ne ko kusa da haka, tafiyar awa shida zuwa bakwai idan hanya ta yi kyau. Motoci da yawa da dare suke tashi, don fasinja su wayi gari a can, amma wana ya ce shi ba ya shiga motar dare ko da kyauta ce. Saboda haka muna idar da sallar asuba muka nufi tasha. Kafin mu shiga sai da ya zagaya motar, ya duba tayoyi ɗaya bayan ɗaya, ya leƙa ƙarƙashinta, ya tsaya ya saurari ƙarar inji. Yaran mota suna ta dariya, shi ko a jikinsa. Da ya gamsu ya ce mu shiga.

Muka bi ta shataletalen Suame, muka wuce ƙofar wurin aikinsa, muka kama hanyar Offinso. Lokacin hunturu ne, hazo ya rufe sama, amma duk da haka daji kore shar, ga gonakin koko da ayaba dama da hagu. A Akomadan mata suka yo ca a kan mota da tumatir, don garin ya shahara da nomansa. Wajen hantsi muka shiga Teciman, babban birnin yankin Bono ta Gabas tun 2019, mai babbar kasuwar doya da masara wadda manyan motoci ke zuwa lodi daga ko'ina. A nan ne iyakar wana a duk rayuwarsa ta wannan hanya. Ya sha zuwa gyaran motar da ta lalace a Teciman, amma bai taɓa gota ta ba.

Daga Teciman dogayen itatuwa suka fara ja da baya, gonakin kashu suka karɓe su. Mota ta yi tsit, kuma na san abin da ke zuciyar wana, domin wannan yanki na Kintampo shi ne inda aka yi munanan haɗurra biyu da ba a manta ba. A watan Fabrairu na 2016 wata babbar motar fasinja mai zuwa Tamale ta yi karo da motar tumatir, a watan Maris na 2019 kuma manyan motocin fasinja biyu suka yi taho-mu-gama. A kowanne an rasa rayuka fiye da 50, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Duka biyun kuwa ba da rana tsaka aka yi su ba, ɗaya da dare, ɗaya kafin asuba. Hanya ce guda mai hannu biyu, manyan motocin kaya masu zuwa Burkina Faso da Mali da Nijar suna bin ta dare da rana. Wanda ya ce maka babu abin tsoro a kanta bai faɗa maka gaskiya ba.

Kintampo, garin kakanmu

A Kintampo ake tsayawa cin abinci da kama ruwa. Ana ce da garin tsakiyar Gana. Muka sayi soyayyar doya da yaji, muka zauna a kan benci a inuwa. A nan ne wana ya fara buɗe baki, ya ce wa 'yarsa, "Kin san a zangon garin nan aka haifi kakana?" Yarinya ta ce ba ta taɓa ji ba. Sai na ga dama ta samu, na ɗan yi mata darasin tarihi, ko da yake ba ita kaɗai nake nufi da shi ba.

Na ce mata kakanninmu fatake ne masu zuwa Gwanja sayen goro. Daga Kano da Katsina da Sakkwato suke tasowa da ayarin jakuna, su yi wata da watanni a hanya kafin su iso Salaga, wadda a lokacin ita ce babbar kasuwar goro. Bayan Turawan Ingila sun ƙone Kumasi a 1874, ƙasashen arewa suka fita daga hannun Tonawa, goro ya rage isa Salaga, kasuwar Kintampo ta bunƙasa. A 1892 kuma yaƙin basasa ya tashi a Salaga a kan sarauta, baƙi suka watse, wasu suka nufi Kete-Krachi kamar shahararren malamin nan Alhaji Umaru wanda ya rasu a can a 1934, wasu suka yo Yeji da Kintampo, daga baya 'ya'yansu suka gangaro Kumasi. Mu jikokin waɗannan ne. Wato dai arewar nan da muke jin tsoro, ta can muka ɓullo.

Na kuma gaya mata abin da ya sa fatauci ya yiwu a wancan zamani da babu mota babu waya. Kowane falke yana da mai masaukinsa a kowane zango, wanda zai sauke shi, ya ajiye masa kaya, ya tsaya masa idan rigima ta taso, ya yi jinyarsa idan ya kwanta ciwo. Falke ba ya tambayar kwana nawa ne zuwa gari kaza kafin ya tambayi wa zai sauka wurinsa. Wana ya gama cin doyarsa, ya share hannu, ya ce, "To ita wa za ta sauka wurinsa?" Na ce, "Shi za mu je gani."

Ƙetare kogi biyu

Daga Kintampo ƙasa ta buɗe sosai. Ciyawa ta bushe, wani wurin an sa mata wuta ta yi baƙi ƙirin, buhunan gawayi jere a bakin hanya ana jiran masu saye. Itatuwan kaɗanya da ɗorawa suka fara bayyana, can kuma sai ga kuka. Yarinyar, wadda ta tashi tana shan miyar kuka amma ba ta taɓa ganin itacen ba, ta manna fuska a gilashi tana kallo. Iskar da ke shigowa ta taga busasshiya ce, leɓe har yana tsagewa.

A Buipe muka hau gadar kogin Bolta Baƙi, muka shiga ƙasar Gwanja ke nan, mata suna ta miƙo soyayyen kifi ta taga. Muka wuce mararrabar Fufulso, inda hanyar Damongo da gandun dajin Mole ta rabu, sa'an nan muka hau gada ta biyu a Yapei, a kan Bolta Fari. Dattawa za su tuna cewa a da babbar hanyar arewa ta Mampong da Ejura da Atebubu take bi, a ƙetare ruwa a Yeji a faɗa Salaga. Bayan an gama madatsar Akosombo a 1965 tafki ya cika, ƙetarewar Yeji ta yi faɗi, sai wannan hanya ta Kintampo ta zama ita ce uwa.

A tsakanin gadojin nan biyu ne wana ya tayar da dalilinsa na biyu, wato faɗa. Na ce masa ba zan ɓoye masa kome ba. An yi mummunan yaƙin ƙabilanci a 1994 a gabashin yankin. A watan Maris na 2002 kuma aka kashe Ya Na Yakubu Andani na Biyu, sarkin Dagwamba, a Yendi. Ina ɗalibi a Tamale lokacin, na ga dokar hana fita da dare da idona, na ga sojoji a kan titi, kuma na san irin kwanan zaunen da Hajiya ta yi. Amma an kafa kwamitin manyan sarakuna uku a ƙarƙashin sarkinmu na Kumasi, Otumfuo Osei Tutu na Biyu, suka yi shekara da shekaru suna sasantawa, har aka naɗa Ya Na Abukari na Biyu a watan Janairu na 2019. Rikicin Bawku kuwa da ya fi ji a rediyo, tsakanin garin da Tamale ya fi kilomita 200, kusan tazarar da ke tsakanin Kumasi da Ankara. Mu mutanen kudu mun saba mu tattara duk abin da ke bayan Kintampo mu kira shi arewa, kamar unguwa ɗaya ce.

Tamale

Bayan azahar muka shiga gari ta Lamashegu. Ni kaina da na yi shekara uku a nan sai da na rikice, domin inda na sani fili ne duk ya zama gidaje. A tsakiyar gari ga gadar sama da aka buɗe a 2022, ga babban masallaci da hasumiyoyinsa. Abin da ya fara ɗaukar hankalin wana shi ne babura. Tamale garin babur ne da keke, kuma mata ma suna tuƙawa, za ka ga mace da mayafinta da goyonta a baya tana tafe a kan babur ba wanda ya kula. Keke mai ƙafa uku da muke kira pragya a Kumasi, a can yalo-yalo ake ce masa. Muka tare ɗaya, na ce ya kai mu Aboabo. Wana ya juyo ya dube ni, yana tsammanin zafin rana ya taɓa ni. Na ce, "Yaya, su ma suna da tasu Aboabon, babbar kasuwa ce." Wannan ne karo na farko da ya yi dariya tun fitowarmu.

A kasuwar ya ji ana ciniki da Dagwambanci da Hausa a cakuɗe. Ya ga man kaɗe a ƙorai, da daddawa, da gero, da zabi, da rigunan saƙi da muke kira batakari. Ya tambayi wani mai shago hanyar masallaci da Hausa, aka amsa masa da Hausa. Akwai ma unguwar da ake kira Zangon Hausawa, akwai kuma makarantar Anbariyya da marigayi Afa Ajura ya kafa, wadda sunanta ya kai har zangunanmu na kudu. Yawancin mutanen garin Musulmi ne, kiran salla ta ko'ina. Na koya wa yarinyar gaisuwar safe, "Dasiba", a amsa da "Naa", na kuma nuna mata yadda yara ke durƙusawa idan za su gai da babba.

Masaukinmu gidan wani abokina ne Badagwambe da muka yi Bagabaga tare, yanzu shi ma yana koyarwa. Gidan gandu ne, mahaifiyarsa tana nan da ranta, matarsa kuma ma'aikaciyar jinya ce. Aka kawo ruwa, aka kawo tuwon zafi da miyar ayoyo. Yarinyar ta ci ta ƙoshi, abin da na so a ce uwarta ta gani.

A cikin jami'a

Washegari abokina ya kai mu Dungu, a kudancin gari kan hanyar Kumasi, inda babban harabar jami'ar take. An kafa UDS a 1992 a zamanin mulkin Rawlings, ita ce jami'ar gwamnati ta farko a duk arewacin Gana, bayan Legon da aka fara a 1948 da ta Kumasi da ta Cape Coast. An fara karatu a 1993 a Nyankpala da ɗalibai kimanin 40 masu koyon aikin gona. Rawlings ya zuba kuɗin wata lambar yabo da aka ba shi kan yaƙi da yunwa, dala 50,000, a asusun kafa ta. A da tana da rassa a Wa da Navrongo, amma dokokin da aka yi a 2019 sun mai da su jami'o'i masu cin gashin kansu. Masu karatun likita da jinya da unguwarzoma suna koyon aiki a Asibitin Koyarwa na Tamale.

Wana bai damu da wannan tarihi ba. Abin da ya tambaya shi ne ina za ta kwana. Muka duba ɗakunan kwana na cikin makaranta, muka duba gidajen haya na ɗalibai da 'yan kasuwa suka gina a kewaye. Duk inda muka shiga sai ya murɗa famfo ya gani, ya tambayi kwana nawa ruwa ke ɗaukewa da rani, ya duba ko akwai tanki, ya jijjiga ƙofa ya ga ƙarfin sakata, ya tambayi ƙarfe nawa ake rufe babbar ƙofa. Maganar ruwa dai gaskiyar uwar yarinyar ce, Tamale tana fama da ƙarancinsa da rani, kuma a watan Maris zafi yakan kai digiri 40. Damina ɗaya suke da ita a shekara, mu kuwa biyu. Muka yi azahar a masallacin ɗalibai, inda muka haɗu da 'yan Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi ta Gana. Wata ɗaliba a cikinsu, 'yar Nima ce daga Ankara, ta ja yarinyar gefe suka yi ta hira, har suka karɓi lambar juna.

A nan ne kuma muka ji wani abin da ya kusa ɓata mana shiri. Shekarar karatu a UDS zango uku ce. Biyu a aji ake yi, na ukun kuwa akan raba sababbin ɗalibai rukuni-rukuni a tura su ƙauyuka su zauna makonni tare da mutane, su binciki matsalolinsu su rubuta. Wana ya ce, "Wato Tamalen ma ba ita ce iyaka ba?" Fuskarsa ta sake ɗaurewa, muka dawo masauki ba mai cewa kome.

Maganar tsohuwa

Da dare muna zaune a tsakar gida, mahaifiyar abokina ta sa aka shimfiɗa mata tabarma kusa da mu. Tana jin Hausa sosai, don ta yi tallar man kaɗe a kasuwa tun tana budurwa. Ta tambayi wana aikinsa, ya ce makaniki ne a Magazin. Ta ce yaran shago nawa gare shi, ya ce shida. Ta ce 'yan ina ne? Ya yi shiru kaɗan, sa'an nan ya ce huɗu 'yan arewa ne, biyu daga Savelugu, ɗaya daga Walewale, ɗaya daga Tolon. Ta ce, "Iyayensu sun zo sun murɗa famfon gidanka kafin su ba ka su?" Ya ce a'a. Ta ce, "To ɗana, ni ma jikokina biyu suna Kumasi, ɗaya yana koyon walda, ɗaya tana ɗaukar kaya a Kejetia, ban san inda take kwana ba. Shekara nawa muna turo muku namu, ba da takardar jami'a ba, da hannu biyu kawai. Yau kai ka kawo taka guda ɗaya za ta koyi karɓar haihuwa, ai sai ka bar mu mu ma mu riƙe amana."

Wana ya sunkuyar da kai ya daɗe. Da ya ɗago sai ya ce, "Inna, kin gama magana." Matar abokina ta ƙara da cewa yarinyar ta riƙa zuwa gidan kowace Juma'a, in ta yi rashin lafiya kuma ita za a fara kira kafin a kira Kumasi. Da safe kafin mu kama hanya wana ya kafa wa 'yarsa sharuɗɗa a gaban mutanen gidan: ba motar dare, ba hawa babur ba hular kwano, kuma duk tafiyar da za ta yi ta faɗa wa gida biyu, na Kumasi da na Tamale. Ta ce ta ji ta yarda. A cikin mota muna dawowa ya tambaye ni sunan jikar tsohuwar da ke Kejetia. Bai ce mini kome ba, amma daga baya na ji matarsa ta nemo yarinyar, tana zuwa gidanmu cin abincin dare.

Abin da ya biyo baya

Kada in sa ku zaci kome ya tafi sumul. A zangon farko zazzaɓi ya kwantar da ita, kewar gida ta sa ta yi kuka a waya ta ce za ta dawo, uwarta ma ta ce a je a ɗauko ta. Matar abokina ce ta kai ta asibiti, ta riƙe ta a gida kwana huɗu har ta miƙe. Ta sayi ruwa a jarka da rani kamar kowa. Da lokacin zuwa ƙauye ya yi an sake zama a zaure, sai da abokina ya hau babur ya je ya gai da sarkin ƙauyen ya ga ɗakin da aka sauke 'yan matan, sa'an nan hankali ya kwanta. Ta dawo daga can ta rame, amma tana ba da labarin mata masu naƙuda da ake ɗaukowa a babur zuwa ƙaramin asibiti, ta ce yanzu ta san dalilin karatunta. Duk ranar da take kan hanya kuwa, wana ba ya iya cin abinci sai ta bugo ta ce ta sauka. Wannan ba na jin zai bari har ta gama.

Ga 'yan'uwana iyaye da irin wannan takarda ta zo wa, ga 'yar shawarata. Ku fara duba fannin da aka ba yaro kafin ku duba nisan gari, domin zama kusa da gida a kan karatun da ba ya so asarar shekara huɗu ce. Ku tambayi a wace haraba ake koyar da fannin, don jami'a ɗaya tana iya zama a garuruwa biyu ko uku. Ku zauna ku yi lissafi da alƙalami: kuɗin makaranta, da na ɗaki, da na abinci, da na ruwa, da kuɗin mota zuwa da dawowa sau nawa a shekara. A 2025 gwamnati ta ƙaddamar da shirin ɗauke wa 'yan shekarar farko a manyan makarantunta kuɗin karatu, akwai kuma asusun ba ɗalibai rance, sai ku bincika a makarantar abin da ya shafi ɗanku, amma ku sani ɗaki da abinci da mota suna wuyanku. Ku nemi mai masauki tun kafin yaro ya tafi, ta hanyar limaminku ko sarkin zango ko malaman makarantarsa, domin da wuya a sami babban gari a Gana da babu zango a cikinsa. Sa'an nan uba ko uwa, ɗaya dai ya daure ya yi rakiyar farko da ƙafarsa. Gani ya kori ji. Idan kun je kun ga abin da ba za ku iya yarda da shi ba, to kun ƙi ne da hujja, yaro ma zai fi saurin haƙura.

Su kuma ɗalibai, ku sani tsoron iyaye ba ƙiyayya ba ce. Ku riƙa kira, ku riƙa faɗin gaskiyar halin da kuke ciki, ku riƙe mutuncin gidan da aka sauke ku, domin ƙannenku za su bi sawunku ko a hana su saboda ku.

Wana dai yanzu ya je Tamale sau biyu shi kaɗai, ba tare da ni ba. Kullum sai ya tafi wa tsohuwa da goro da ayaba, ya dawo da man kaɗe da zabi. Har yanzu kuma sai ya zagaya mota ya duba tayoyi kafin ya shiga.

Allah ya tsare mana 'ya'yanmu a duk inda neman ilimi ya kai su, ya kai matafiya gida lafiya, ya saka wa masu riƙon amana da alheri.